Daga Littafin Farko Zuwa Na Biyu: Hanyar Marubucin Ƙagaggun Labarai a Ƙasar Hausa

Tambayar da ɗalibai suka fi yawan yi duk lokacin da aka tashi daga darasin adabin zube ita ce: ta wace hanya mutum yake zama marubucin ƙagaggun labarai? Ma'aikatan gwamnati ma sukan yi ta, sai dai su a asirce, domin da yawa daga cikinsu suna da wani littafin rubutu da suka cika rabinsa da labari tun shekaru aru-aru, yana nan ajiye a ƙasan akwati ko a aljihun tebur na ofis. Tambayar tana da nauyi, domin likita da alƙali da injiniya kowannensu yana da makarantar da zai shiga, da jarrabawar da zai ci, da takardar shaidar da za a ba shi, sa'an nan da ofishin da zai zauna. Marubuci kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka abin da ya rage wa mai neman amsa shi ne ya bi sawun waɗanda suka riga shi, ya ga inda suka taka da inda suka tsaya. Abin da wannan lacca za ta yi ke nan, kuma za ta fi daɗewa a kan mutum ɗaya, watau Alhaji Abubakar Imam, saboda a rayuwarsa ne hanyar ta fi fitowa fili, da buɗewarta da kuma toshewarta.

Ƙagaggen labari a rubuce da boko bai daɗe ba a ƙasar Hausa. A 1933 ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka sake wa suna Hukumar Talifi, ya zazzaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai da 'yan boko, yana roƙonsu su ƙago labarai da Hausa don a sami abin karantawa a makarantu. Shi da kansa ya bayyana, a wata maƙala da ya buga a 1936, irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kansu. Dalili kuwa a fili yake. A wurin malamin wancan zamani alƙalami kayan addini ne da shari'a da tarihi da waƙar wa'azi. Tatsuniya kuwa aikin tsofaffin mata ne da yara bayan an ci tuwon dare. A ce wa dattijo mai rawani ya zauna ya rubuta abin da shi kansa ya san bai faru ba, wannan kusan cin fuska ne. Duk da haka an sami waɗanda suka amsa, aka zaɓi littattafai biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Abin lura na farko shi ne babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya tashi da niyyar zama marubuci. Kiransu aka yi suka amsa, kuma kowannensu yana da aikin albashinsa. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu. Tafawa Ɓalewa a shekarar ce ya fito daga Kwalejin Katsina ya koma Bauchi don aikin malanta. Bello Kagara, wanda ya girme su nesa, malami ne a Kwalejin.

To, me Imam ya zo da shi wanda ya sa littafinsa ya yi fice? An haife shi a Kagara a 1911, a gidan malamai, ya yi karatun allo da na littattafan Larabci kafin ya shiga boko. A Kwalejin Katsina ya ƙara da Turanci. Watau kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda yana da taska biyu da zai ɗiba, ga kuma ta uku wadda ta fi su, ita ce kunnen da yake da shi na jin yadda Bahaushe yake magana a fada da kasuwa da zauren alƙali. Wanda ya karanta Muƙamatul Hariri ba zai kasa ganin inuwarta a cikin Ruwan Bagaja ba: mutum biyu masu yawon duniya, suna haɗuwa gari bayan gari, kowa yana neman ya yi wa ɗan'uwansa wayo. Amma Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba Larabawa ba ne da aka sa wa babbar riga. Ba'arsu ta Hausa ce, rantsuwarsu ta Hausa ce, har ƙaryarsu ma ta gida ce.

Abu na biyu, wanda masu sha'awar rubutu a yau ba su cika son ji ba, shi ne littafin bai fita yadda marubucinsa ya aika da shi ba. East ya bi shi da jan alƙalami, ya cire wasu labarai da ya ga an ɗauko su kusan kai tsaye daga wasu littattafai, ya kuma rubuta wa Imam ya gaya masa dalili. Saurayi mai shekara ashirin da biyu, wanda ake yabo a garinsu, yana iya yin fushi ya ajiye alƙalami. Imam bai yi haka ba. Sakamakon haƙurinsa ya zo a 1936, lokacin da aka aro shi daga aikin koyarwa aka kai shi Zariya ya zauna wata shida ba shi da wani aiki sai rubutu. East ya jibge masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban: Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka tattara, da labaran aku na ƙasar Hindu, da wasunsu. Daga wannan zama ne Magana Jari Ce ta fito, littafi uku, masu ɗauke da labarai fiye da tamanin.

Ya kamata a tsaya a kan wata shidan nan, domin ita ce makarantar koyon rubutu ta farko da aka taɓa yi wa Bahaushe, ko da yake ɗalibinta ɗaya ne, malaminta ɗaya. Abin da aka hana Imam a Ruwan Bagaja, watau ɗauko labarin wani, shi aka umurce shi ya yi a nan, amma bisa sharaɗin ya narkar da shi har asalinsa ya ɓace. Ya ɗauki labarin da aka haifa a dajin Jamus ko a kasuwar Bagadaza ya ba shi sarki da waziri da dogarai, ya sa masa sunayen da za a ji a kowace unguwa, ya ɗaure shi da karin magana, har mai karatu ya rantse a bakin kakarsa ya fara jin sa. Sa'an nan ya koyi abin da ya fi wannan wuya, shi ne yadda ake ɗinke labarai masu yawa da zare guda. A littafi na farko aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari ne don ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun waziri, saboda haka kowane labari yana da aikin da yake yi, kuma mai karatu yana cikin fargaba har gari ya waye. A littafi na uku kuwa akun ne yake koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, yana gyara masa kurakurai. Da wuya a karanta wannan sashe ba a tuna da zaman Imam da East ba.

A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka naɗa Imam editanta na Hausa. Ya riƙe wannan aiki shekara goma sha biyu. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan sai siyasa, sai majalisa, sai Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, sai sauran manyan ayyuka. Bai daina rubutu ba; ya wallafa littattafan ilmi da na tarihin Musulunci. Amma har ya rasu a Zariya a 1981 bai sake fitar da wani babban ƙagaggen labari ba. Ke nan mutumin da har yau ake ɗauka shi ne uban wannan fanni ya gama aikinsa a cikinsa tun bai cika shekara talatin ba, ya kuma rayu fiye da shekara arba'in bayan haka.

Ba a faɗi wannan don a zarge shi ba. Aikin da ya yi a jarida babba ne, ya kafa Hausar rubutu wadda har gobe ake tafiya a kanta, kuma a lokacin da masu ilmin boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba, ƙasa ba za ta bar irinsa ya zauna yana ba aku magana ba. Haka abin ya kasance ga Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar littafi ne mai natsuwa da ban tausayi, wanda ya dubi bauta da cinikin bayi ta hamada da idon wanda aka sace yana yaro da na uwar da ta bi sawunsa. An fassara shi da Turanci a 1967, an mai da shi wasan kwaikwayo, an kuma yi fim ɗinsa a 1976. Marubucinsa ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966, bai rubuta na biyu ba. Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Ƙofar da gasa ta buɗe ta shigar da su ɗakin adabi, wata ƙofar ta fitar da su zuwa fada da ofis.

A nan mai sauraro yana iya cewa, to ai shi ke nan, aikin gwamnati da rubutun labari ba sa haɗuwa. Kafin a yanke wannan hukunci sai a leƙa Masar. A shekarar da aka haifi Abubakar Imam, 1911, a cikinta aka haifi Najib Mahfuz a Alƙahira. A shekarar da Imam ya koma jarida, 1939, a cikinta Mahfuz ya buga ƙagaggen labarinsa na farko. Shi ma ma'aikacin gwamnati ne, ya yi aiki a Ma'aikatar Wakafi, daga baya a ɓangaren al'adu da finafinai, bai yi ritaya ba sai a 1971. Amma ya bar ƙagaggun labarai fiye da talatin, ban da gajeru, ya kuma sami lambar Nobel a 1988. An san shi da tsare lokaci kamar mai tsaron salla: ya tashi daga ofis, ya huta, ya zauna ya yi rubutu na sa'o'in da ya ƙayyade wa kansa, kullum haka.

Me ya bambanta su, alhali ba wanda zai ce ɗaya ya fi ɗaya baiwa tun farko? Na farko, aikin ofis ɗin Mahfuz, musamman a shekarunsa na farko, yana cin lokacinsa ne amma ba ya cin alƙalaminsa. Editan jarida kuwa da rijiyar da zai ɗebo labari da wadda zai ɗebo sharhin mako duk ɗaya ce, in ya kwashe ta da rana ba abin da zai samu da dare. Na biyu, kuma shi ne babba, Alƙahira tana da kamfanonin ɗab'i masu gasa da juna, da mujallu, da jaridu irin su Al-Ahram da ke buga labari kashi-kashi, da masu sharhi, da jama'ar da ke sayen littafi da kuɗinsu don jin daɗi. In Mahfuz ya gama littafi akwai mai jiran na gaba. A Arewa kuwa mai bugawa ɗaya ne, ita ce hukuma, mai saye ma kusan ɗaya ne, ita ce makaranta. Da makaranta ta sami Magana Jari Ce buƙatarta ta biya, sai dai a yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Ba wanda ya ƙwanƙwasa wa Imam ƙofa ya ce ina na gaba.

Wannan hali bai sake ba sosai har kusan shekara hamsin. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. An kafa hukumar NORLA a zamanin Yaƙi da Jahilci, ta yi aiki tuƙuru, aka rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan. An sami littattafai masu kyau a tsakani, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi, da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Amma in aka tara duk ƙagaggun labaran Hausa da aka buga daga 1934 zuwa 1980, kanta guda ta ɗakin karatu ta ishe su. Da aka ga rijiya tana neman ƙafewa sai aka koma ga tsohon magani. Gasar NNPC ta fito da littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wadda ita ce mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta biyo baya, littattafanta suka fito a 1982, daga cikinsu akwai Turmin Danya, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello. Sulaiman Ibrahim Katsina, mai Turmin Danya, ya ƙara da Tura Ta Kai Bango, ya zama yana da uku a jere cikin 'yan shekaru, abin da ba a saba gani ba.

Gasa abu ne mai kyau, kuma har yau tana aiki. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da yawa waɗanda da ba a san da su ba. Sai dai gasa ungozoma ce, aikinta ya ƙare ranar haihuwa. Ba ta shayarwa, ba ta goyo.

Wanda ya zo ya yi goyon, ba hukuma ba ce, kasuwa ce. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa masu iya karanta Hausa. A Kano an kafa Hukumar Ilmin Manya a 1980, matan aure suka shiga ajin yamma. A daidai lokacin da masu karatu suka yawaita sai tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye suka tsaya a kan littattafan makaranta. Sai matasa suka ɗauki abin a hannunsu. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin rubutu, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ko ya ranto ya kai ƙaramar maɗaba'a, a buga masa a takarda mai araha. Yakan raba labarin kashi biyu ko uku, ya tsai da na farko a daidai inda ran mai karatu zai tashi, don cinikinsa ya biya kuɗin buga na biyu. Ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa su karɓa bashi, ya riƙa zarya yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Gidajen rediyo suka riƙa karanta littattafan, masu ba da haya suka kai su lungu-lungu, marubutan kuma suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga kusan kowane gari da ake jin Hausa. Jerin sunayen littattafan da Graham Furniss da abokan aikinsa suka buga a 2004, wanda ya ƙunshi shekarun 1987 zuwa 2002 kawai, ya tattara ɗaruruwa.

Daga cikin waɗanda suka bi wannan hanya babu wadda tafiyarta ta fi ta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu koyar da darasi. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, auren bai daɗe ba ya mutu. A ajin ilmin manya ta ƙarasa koyon karatu da rubutu. Ba ta je Kwalejin Katsina ba, ba wani East da ya jibge mata littattafan duniya. Abin da take da shi shi ne sanin cikin gida: zaman kishiyoyi, da halin mijin da ke da kuɗin ƙara aure amma ba shi da na cefane, da abin da ke samun 'ya'ya in an kori uwarsu. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta bi shi da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ta ci gaba da wasu. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin da ya gagari 'yan Kwaleji, watau littafi na biyu da na uku da na biyar, ita ta yi shi, domin akwai mata a cikin gidaje da suke aiken yara kasuwa su tambayo ko sabo ya fito.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan waɗannan littattafai. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, wasu malamai irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka daɗe ana musayar alƙalami a jaridu cikin shekarun 1990. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Mafi yawan sukar a kan jigon soyayya ta tsaya, kuma a nan masu sukar sun yi sako-sako, domin auren dole da saki da kishi ba ƙananan al'amura ba ne a rayuwar Bahaushe. Inda sukar ta fi gaskiya shi ne wajen aiki. Marubucin da shi ne mai bugawa, shi ne mai talla, shi ne mai bin bashi, ba shi da wanda zai ce masa wannan babi bai da amfani, cire shi. Ga kurakuran rubutu, ga labarin da aka ja shi ya kai littafi huɗu alhali na littafi ɗaya ne, ga tauraruwar da aka kwashe shafi biyu ana siffanta idonta da motar saurayinta. Akwai masu baiwa ƙwarai a cikinsu waɗanda suka rubuta littafi ashirin ba tare da na ashirin ya fi na farko ba, saboda ba su taɓa gamuwa da jan alƙalamin da Imam ya gamu da shi yana ɗan shekara ashirin da biyu ba.

Sa'an nan tsohuwar cutar ta dawo da sabuwar riga. Da finafinan bidiyo suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1990, sai ƙwararrun marubuta da yawa suka koma rubuta labarin fim, daga baya kuma wasannin talabijin masu dogon zango, domin a can ne ake biya a hannu. Ba laifi ba ne, Mahfuz ma ya yi shekaru bayan juyin mulkin 1952 ba ya rubuta komai sai labarin fim. Bambancin shi ne ya dawo. A yau kuma kasuwar littafin takarda ta ja baya, labari ya koma cikin wayar hannu, inda marubuciya take sakin babi kowane dare ga masu karatun da suka biya ta kai tsaye. Ta tsira daga bashin dillali, amma babin da aka rubuta da la'asar aka sake shi da isha ba ya samun kwana ko ɗaya da za a sake duba shi.

To, ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a wannan zaure da rabin labari a akwati, me zai ɗauka daga duk wannan? Karatu dai ba makawa, kuma ba na Hausa kaɗai ba. Wanda ya iya Larabci ko Turanci ko Faransanci yana da gonar da Imam ya yi kiwo a cikinta, muddin zai narkar da abin da ya ci. Amma ma'aikaci yana da wani haɗari na musamman da ya kamata a ambata. Wanda ya shekara goma yana rubuta takardun ofis da Turanci, yana sauraron labaran da aka fassara cikin gaggawa, Hausarsa takan sandare ba tare da ya sani ba. Sai ka ga tsohuwa a ƙauye cikin labarinsa tana cewa za ta ɗauki mataki dangane da lamarin jikarta. Ba tsohuwar da ke magana haka. Maganin wannan yana tashar mota, da rumfar mai shayi, da zauren alƙali ranar shari'ar gado, da gidan biki in mata sun manta akwai mai saurare.

Batun lokaci kuwa, wanda yake jiran a aro shi daga ofis a ba shi wata shida kamar Imam zai daɗe yana jira, domin an yi wannan sau ɗaya ne. Hanyar Mahfuz ita ce a buɗe ga kowa: sa'a ɗaya ko biyu da aka sani, bayan asuba ko bayan isha, waɗanda ba a ba da su aro ga ɗaurin aure ko hira. Shafi ɗaya a rana ya haura shafi ɗari uku a shekara. Ya kuma kyautu mutum ya dubi irin aikin da zai ci abinci da shi, ko mai barin kai ne ya huta, ko mai tsotse shi. In kuwa aka zo sayar da littafi, ko ga mai bugawa ko ga mai shirya fim, a rubuta yarjejeniya a takarda, a fayyace ko aro aka bayar na wani lokaci ko sayarwa ce ta har abada, domin marubuta da yawa sun rabu da haƙƙin mallakarsu a kan kuɗin da bai kai su ƙarshen wata ba.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne mai jan alƙalami. Aboki ba zai yi ba, don yana jin kunya. Masoyin littattafan mutum ma ba zai yi ba, don shi ƙari yake so. Ƙungiyoyin marubuta da ke Kano da Katsina da Kaduna da sauran garuruwa suna zaman karatu inda ake karanta rubutu a yi masa gyara, kuma wanda ya jure wa irin wannan zama yakan ga amfaninsa. Amma nauyin ya fi hawa kan jami'o'i. Sassan koyar da Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri sun yaye ɗalibai masu yawa da suka iya feɗe littafin da aka riga aka buga, su fito da jigonsa da salonsa da zubinsa. Zama da ɗanyen rubutu tare da mai shi, a nuna masa inda labarin ya yi barci da inda taurarinsa suka yi magana da bakin marubuci maimakon nasu, wannan wata sana'a ce dabam, kuma ana iya koyar da ita a aji kamar yadda ake koyar da nahawu. Ɗalibin da zai rubuta kundin digirinsa a kan Ruwan Bagaja, wanda aka riga aka yi wa kundaye ba adadi, ana iya haɗa shi da wata marubuciya mai littafi a hannu, su yi zangon karatu guda suna aiki a kansa, a ba shi maki a kan bambancin da ke tsakanin rubutun da ya karɓa da wanda ya mayar.